Ɗaukewar al'ada: wane maganin ganye ne ke rage tasowar zafi da zufar dare, kuma nawa ake sha?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar magani. A ɗauki mace 'yar shekara 49, al'adarta ta fara tsallake, sai ta yi wata biyu ko uku ba ta gani ba. Zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska sau bakwai ko takwas a yini, da dare kuma zufa ta jiƙa riga da matashi har ta hana ta barci. Tana tsoron maganin sinadarin mata na asibiti, ta fi son na ganye. To kwalaben sun yi yawa: wannan an rubuta black cohosh, wancan red clover, ga na waken suya, ga man evening primrose, ga waɗanda aka cusa ganye goma a kafso ɗaya. Wanne ne aka gwada aka ga yana aiki? Miligiram nawa ake sha a rana, har tsawon wane lokaci, kuma yaushe za a ce bai karɓe ta ba a daina? Sannan wace ce bai kamata ta sha ba sam? Don Allah a ba mu bayani dalla-dalla, ba talla ba.

Mai Harhaɗa Magani:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Cikin duk kwalaben nan, biyu ne suka cancanci a tsaya a yi magana a kansu: na waken suya da black cohosh. Su ma ragewa suke yi, ba ɗaukewa ba, kuma ba kowace mace suke yi wa ba.

Na waken suya ya fi samun hujja. Abin da ke aiki a cikinsa sinadarai ne da ake kira isoflavones, manyansu genistein da daidzein. Ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin, sinadarin da ma'ajiyar ƙwan mace ta rage fitarwa, don haka suna iya hawa gurbinsa, sai dai ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai, kamar makullin da ya shiga kwaɗo ya ɗan juya bai kai ƙarshe ba. A 2012 an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, aka ga yana rage yawan tasowar zafi da kusan kashi 20 cikin ɗari bisa abin da ƙwayar da ba magani a cikinta ke yi. Ga mai jin zafi sau takwas a yini, ƙarin ragin ɗaya ko biyu ke nan. Ana shan miligiram 40 zuwa 80 a rana. To a nan ake cutar masu saye: gaban kwalba zai ce miligiram 500, alhali wannan nauyin garin da ke cikin kafson ne gaba ɗaya. A juya baya a nemi layin da ya faɗi adadin isoflavones ɗin kansa, sannan a duba na genistein, don waɗanda ke da kusan miligiram 20 nasa ko fiye a rana su ne suka fi nuna tasiri. Kwalbar da ba ta rubuta wannan ba, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Aikinsa kuma sannu a hankali yake zuwa, ba a yanke masa hukunci kafin sati 12.

Black cohosh saiwar wani tsiro ce daga dazukan Arewacin Amurka. Sunan da ya kamata a gani a kwalba shi ne Actaea racemosa ko Cimicifuga racemosa, abu ɗaya ne. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 40 a rana, 20 da safe 20 da yamma, kuma ƙara yawansa bai nuna ƙarin amfani ba. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006 kan mata 351, an ba wasu miligiram 160 kullum har shekara guda, ba su fi masu shan ƙwayar banza samun sauƙi ba. Cibiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen magani tana tantance su, ta duba gwaje-gwaje 16 a 2012, mata sama da 2,000, ta ce hujjar ba ta isa ba. Akwai wasu gwaje-gwajen Jamus da suka nuna ɗan sauƙi, shi ya sa hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2015 akwai 'yar alama cewa yana iya taimakawa, amma ƙungiyar masana ɗaukewar al'ada ta Amurka ta ƙi ba da shawarar shan sa a 2023. Ni a ganina, gwadawa ba laifi ga mai lafiyar hanta, amma kada a sa masa rai da yawa.

Maganar hanta ita ce babba. Tun 2006 hukumomin magunguna na Turai da Ingila suka yi gargaɗi a kanta. Ba kasafai yake taɓa hanta ba, amma idan ya taɓa yana iya yin tsanani. Duk mai sha da ta ga farin idonta ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ga kasala da rashin son abinci, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ta ajiye shi a ranar ta je a gwada jininta. Mai ciwon hanta, ko wadda gwaji ya taɓa nuna tana ɗauke da ƙwayar cutarsa, kada ta fara ma. Ba a wuce wata shida ana sha ba tare da likita ya sani ba. Wani ɓangare na matsalar algus ne, don an sha kama kayan da aka sa musu saiwar danginsa na Asiya saboda ta fi araha. Kuma a kula, blue cohosh wani tsiro ne dabam mai illa ga zuciya.

Red clover shi ma isoflavones ne, miligiram 40 zuwa 80, sakamakonsa yau fari gobe baƙi. Ba a haɗa shi da na waken suya, ninka abu ɗaya ne kawai.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Man evening primrose, da dong quai, da 'ya'yan flax, duk an gwada su a kan tasowar zafi ba su taka rawar a zo a gani ba. Man shafawa na doyar daji da ake cewa yana ba jiki sinadarin mata na progesterone kuwa yaudara ce: abin da ke cikin doyar, diosgenin, a ɗakin gwaje-gwaje ake juya shi ya zama progesterone, jikin ɗan Adam ba ya iya wannan aikin. Mai ganye goma a kafso ɗaya ma ban yarda da shi ba. Yawanci kowane ganye ɗan tsinke ne da bai kai ma'aunin da aka gwada ba, kuma idan ya jawo ƙaiƙayi ko ciwon ciki ba a san mai laifin ba.

A ƙasashe da yawa waɗannan kaya a sahun ƙarin abinci suke, ba a sahun magani ba. Dokar Amurka ta 1994, alal misali, ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar abin yana aiki kafin ya sayar ba. Tambarin tantancewa na USP (na Amurka) ko na THR (na Ingila) a jikin kwalba yana nuna an duba inganci da abin da ke ciki, amma ba shaida ba ne cewa zai rage zafi.

Likitar Mata:

Malam mai harhaɗa magani ya yi bayanin kwalabe, ni zan yi na abin da ake yi kafin a buɗe su, don a nan aka fi yin kuskure.

Ba duk zufar dare ce ta ɗaukewar al'ada ba. Tarin fuka yana kawo ta, haka maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, da faɗuwar suga cikin dare ga mai shan maganin ciwon suga, da wasu sankarorin jini. Idan akwai rama, ko tari na sama da sati biyu, ko zazzaɓi, ko ƙullutu a wuya ko hammata, asibiti za a fara zuwa. Mace da ta haura 45 mai irin alamun da aka lissafa ba ta bukatar gwajin sinadaran mata, domin a wannan lokacin hawa da sauka suke yi, gwajin yau ba zai yi daidai da na sati mai zuwa ba. Abin da ya fi amfani shi ne awon hawan jini, suga, yawan jini, gwajin maƙoƙo, da gwajin ciki. Eh, gwajin ciki. Al'adar da ke tsallake ba ta nufin ƙwai ya daina fita, kuma ganyayen nan ba sa hana ɗaukar ciki. Mai son tazara ta ci gaba da abin da take amfani da shi har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya idan ta haura.

Ga yadda ake gwaji na gaskiya. A samu takarda, a yi sati biyu ana rubutawa ba a sha komai ba: duk tasowar zafi a ja layi, a sa mata 1 idan ɗumi ne kawai, 2 idan da zufa, 3 idan ta sa an bar abin da ake yi ko ta tashe ta daga barci. Sannan a fara abu guda ɗaya tak, a rubuta ranar da ma'aunin, a ci gaba da jan layi. Dalili kuwa, a gwaje-gwajen tasowar zafi ƙwayar banza kaɗai tana rage shi da kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har rabi, ga shi alamun da kansu suna lafawa su dawo. Ba takarda, duk abin da aka sha a satin da zafi ya lafa shi zai kwashi yabo. Bayan sati 12 a kwatanta. Idan jimillar ba ta ragu da aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba, barci kuma bai gyaru ba, ni zan ce a daina, kada a ƙara ma'auni.

Akwai inda ganye ba shi da hurumi ko kaɗan. Jinin da ya dawo bayan an yi wata 12 cur ba al'ada, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa, saboda mafi yawan sankarar mahaifa da wannan alamar take fara bayyana. Haka jini mai yawa da gudaji, ko jini bayan saduwa. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 kuma lamarinta dabam ne, tana bukatar istirojin na asibiti don kare ƙashi da zuciya har ta kai kusan 51, shekarun da aka saba ɗaukewa.

Game da tsoron maganin asibiti: ya samo asali ne daga babban binciken Amurka na 2002, wanda matsakaicin shekarun matan cikinsa 63 ne. Ga mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa, kuma yana rage tasowar zafi da kusan kashi 75 cikin ɗari. Babu ganyen da ya kama ƙafar wannan. Wadda bai dace da ita ba, kamar mai tarihin sankarar mama ko gudan jini a jijiya, akwai magungunan da ba na sinadarin mata ba, kamar venlafaxine da gabapentin, ga kuma fezolinetant da aka amince da shi a Amurka a 2023, wanda shi ma sai ana duba hanta. Na kawo wannan ne saboda abin yana daɗewa. Wani dogon bincike a Amurka ya gano tsaka-tsakin tsawonsa ya haura shekara bakwai, ga baƙaƙen mata kusan goma. Maganin da aka ce kada a wuce wata shida ana sha ba zai raka mace wannan tafiyar ba.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, Likita, da kai Malam. Saura abu ɗaya. Idan tana shan maganin hawan jini da na maƙoƙo fa? Kuma ana yawan ambaton St John's wort don ƙunci da saurin fushi, shi ya yake?

Mai Harhaɗa Magani:

Amin, Hajiya. Idan na maƙoƙon levothyroxine ne, waken suya yana rage shigarsa jini daga hanji. Ba hana ta sha aka yi ba, tsari ake yi: ta sha levothyroxine da asuba da ruwa zalla, ciki ba komai, ta ba da tazarar awa huɗu kafin kafson waken suya ko madararsa. Ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini ma haka. Bayan sati shida zuwa takwas a sake gwajin maƙoƙon a ga ko ma'auninta na bukatar gyara.

Mai hawan jini ta karanta jerin abin da ke cikin kafso, ta guji licorice, wata saiwa mai zaƙi. Yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotasiyam, sai jini ya hau, ƙafa ta kumbura, bugun zuciya ya rikice, musamman ga mai shan maganin sa fitsari. Ana yawan saka shi a haɗe-haɗen mata.

St John's wort yana aiki a kan damuwa marar tsanani, wannan gaskiya ne, ma'auninsa miligiram 300 sau uku a rana. Amma duk cikin ganyayen nan babu mai rigima da sauran magunguna kamarsa. Yana zuga hanta ta riƙa narkar da magani da sauri, sai abin da ke cikin jini ya yi ƙasa. Ƙwayar tazarar haihuwa ta daina karewa, warfarin ya daina tsinka jini yadda ya kamata, haka digoxin na zuciya, da magungunan ƙanjamau, da na farfaɗiya, da na wanda aka yi wa dashen ƙoda, da tamoxifen na sankarar mama, har da wasu na hawan jini irin amlodipine. Idan kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti kamar sertraline ko fluoxetine, sinadarin serotonin yana iya yin yawa: rawar jiki, zufa, ruɗewa, zazzaɓi, abin da sai an kwantar da mutum. Tasirinsa a kan hanta yana kai kusan sati biyu bayan an daina. Ga mai shan magani kullum, shan sa ba da sanin likita ba garin neman gira ne a rasa ido.

Mai shan warfarin ta kuma nisanci dong quai da ginkgo da hulba mai yawa, suna ƙara haɗarin zubar jini. Hulba tana kuma saukar da suga, mai allurar insulin ta lura. Ashwagandha da ake tallata wa masu rashin barci yana iya ɗaga sinadarin maƙoƙo, an kuma samu rahoton illarsa ga hanta, don haka bai dace da matar da kika kwatanta ba. Duk wadda za a yi wa tiyata ta ajiye dukkan ganye sati biyu kafin ranar, ta kuma faɗa wa mai ba da maganin barci abin da take sha.

Malamar Sanin Abinci:

Ina da ɗan ja da Malam a kan farawa da kafso. Ni zan ce a fara da waken kansa. Rabin kofi na dafaffen waken suya yana da isoflavones kusan miligiram 45. Kofi guda na madararsa, ko giram 100 na awara, kowanne 20 zuwa 30. Ashe cin biyu daga cikinsu a rana ya kai ma'aunin da ake nema, ga furotin a kai, kuma ba fargabar algus. Man waken suya bai shiga lissafi ba, kusan babu komai a cikinsa. A jiƙa waken awa takwas zuwa goma sha biyu, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi laushi sosai, don ɗanyensa yana hana narkewar furotin. A fara da cokali biyu ko uku a ƙara a hankali cikin sati biyu, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ta bari tun ba a je ko'ina ba.

Dalilin da ya sa yake yi wa wata bai yi wa wata ba yana cikin hanji. Wasu bakteriya ne ke juya daidzein ya zama equol, wanda ya fi shi ƙarfi. A ƙasashen Yamma kusan mutum uku cikin goma ne ke da su, a Japan da maƙwabtanta kusan rabi. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ma yana iya rage su na wani lokaci. Saboda haka idan ƙawa ta ce ya yi mata aiki, ba ƙarya take yi ba, amma ba lallai ya yi wa kowa ba.

Bambancin abinci da kafso ya fi muhimmanci ga wadda ta yi sankarar mama. Cin waken suya daidai misali ba a ga yana cutar da ita ba, amma kafson isoflavones da red clover sai likitanta ya yarda. Kada kuma a haura miligiram 80 don neman sauri: a wani gwaji a Italiya da aka ba mata 150 kullum har shekara biyar, bangon mahaifar wasu kaɗan daga cikinsu ya yi kauri.

Ƙashi kuwa ba ganye ke riƙe shi ba. Bayan 50 ana bukatar kalsiyam kusan miligiram 1,200 a rana, gara daga abinci, da bitamin D, da tafiyar ƙafa da ɗaga abu mai ɗan nauyi. Mai cikewa da ƙwaya kada ta sha fiye da 500 a zama ɗaya, hanji ba ya ɗaukar fiye da haka da kyau.

Anti Nas:

Sannunku da ƙoƙari, Malamai. Ba a taɓo ganyen sage ba, wanda aka daɗe ana sha don yawan zufa. Gwaje-gwajensa ƙanana ne, amma ga mai son gwadawa: busasshen ganye giram ɗaya zuwa biyu, wato kamar ƙaramin cokali, a zuba masa tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti goma, a tace, a bari ya huce sarai kafin a sha, domin abin sha mai zafi shi kansa yana tayar da zafin. Kada a ɗauke shi abin sha na watanni, kuma kada a kuskura a sha mansa da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Akwai sinadarin thujone a ciki, mai yawansa yana jawo jijjiga. Mai farfaɗiya, mai ciki da mai shayarwa su bar shi.

Sai bushewar gaba da zafi wajen saduwa, wanda mata ke jin nauyin tambaya. Shi ba ya wucewa da kansa kamar tasowar zafi, ƙaruwa yake yi, saboda fatar wurin ta yi siriri. Kada a cusa ganye ko gari ko man ƙamshi, fatar da ta yi siriri saurin tsagewa take yi, daga nan sai ƙaiƙayi da sanyi. Akwai man sa danshi na musamman da ake shafawa sau biyu ko uku a sati, da man santsi mai ruwa-ruwa na lokacin saduwa. Idan ba su wadatar ba, likita yana rubuta istirojin na shafawa ko na sakawa: yawanci kullum da dare har sati biyu, daga nan sau biyu a sati. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mata da yawa da ba za su sha na baki ba ake ba su wannan.

Maman Ilham, ranar da za ta ga likita ta tafi da kwalaben gaba ɗaya a jaka, har da na ganyen da shayin, da takardar da take jan layi. Sunan da ke gaban kwalba ba ya wadatarwa, jerin da ke bayanta ake son karantawa.